Ƙwayar Carbi Ta Shida

Daren da Autarmu ta yi mani tambayar muna asibiti ne, cikin sanyin watan Janairu. Wanda ya san hunturun Katsina ya san iskar da nake nufi, wadda ke biyowa ta ƙarƙashin ƙofa ta tsattsage maka leɓe kafin ka ankara. Kwananmu uku ke nan. An rataya mata ledar ruwa ta huɗu, an yi mata allurar kashe zafi, ciwon ƙugu da na gwiwa ya ɗan lafa har ta iya juyawa da kanta. Inna na ƙasa bisa tabarma, barci ya sace ta da carbi a hannu. Ni kuma ina kan kujerar roba ina gyangyaɗi.

"Yaya, kai da ka yi karatun jini, wai mi ke cikin nawa wanda babu cikin na sauran mutane?"

Shekarunta 13. Tun tana da wata bakwai ake ce mata mai sikila. Ta san folik asid, ta san Paludrine, ta san jijiyar da ta fi sauƙin samuwa a bayan hannunta, har nuna wa nas take yi. Sai na ba ta amsar da nake ba ɗalibaina a aji, cewa jajayen ƙwayoyin jininta suna lanƙwashewa kamar lauje su toshe hanya. Ta ce wannan ai ta sani, ga shi can an zana a bangon ɗakin ganin likita. Abin da take tambaya shi ne, mi ke lanƙwashe su?

Na ɗauko waya. Akwai wata ma'ajiya a intanet mai suna Protein Data Bank, wadda aka kafa a Amurka a 1971 da siffofin furotin 7 kacal, yau kuma tana ɗauke da fiye da 200,000. Kyauta ce, kuma kowace siffa da lambarta. Na rubuta 4HHB. Sai ga wani dunƙule ya bayyana, kala huɗu, kamar zaren saƙa da aka cukuikuye, kowane sashe cike da murɗe-murɗe irin na sifirin ɗin cikin biro. Na miƙa mata. Ta sa yatsan hannun da babu allura ta juya shi, ta ga bayanshi, ta ga ƙasanshi, ta ga wani rami da ya ratsa tsakiya. Na ce mata wannan shi ne himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki. A cikin jar ƙwayar jini guda ɗaya akwai irinshi kusan miliyan 270. Sai an jera kamar 180,000 gefe da gefe kafin su cika milimita ɗaya a kan rula.

Mu dai furotin a wake da ƙwai muka san shi. Don in nuna mata yadda yake a jiki, sai na ciro carbina daga aljihu. Kowane furotin zare ne da aka shirya wa ƙwayoyi, ana kiran ƙwayoyin amino asid, kuma iri 20 ne. Himogulobin carbi huɗu ne a haɗe. Biyu ana ce masu alfa, kowane da ƙwaya 141. Biyu ana ce masu beta, kowane da ƙwaya 146. Jimla 574. Wace ƙwaya ke bin wace, wannan a rubuce yake cikin ƙwayoyin gadon da mutum ya karɓo daga uwa da uba.

Sai dai carbin ba ya zama a miƙe. Ka ɗauki rawani. Yadi ne kawai in yana shagon mai saye da sayarwa, amma ranar hawan sallah in ka tsaya Ƙofar Soro, naɗin da ke kan mutum shi ke gaya maka ko wanene. Haka wannan zaren, sai ya naɗu yake zama abin da yake, kuma shi ke naɗe kanshi ba tare da wani ya kama mashi ba. Ƙa'idar naɗin kuwa kowace mai girki ta san ta. Ɗiga man gyaɗa cikin ruwa ka ga yadda yake tattaruwa wuri guda yana gudun ruwan. Cikin ƙwayoyin nan 20, wasu masu maiƙo ne, ba su shiri da ruwa, wasu kuma ruwa ne abokinsu. Da yake cikin ƙwayar jini ruwa ne, masu maiƙon sai su ruga ciki su ɓuya, masu son ruwa su tsaya waje su zama bango. Garin haka ne zaren beta ke murɗewa gida takwas, waɗanda masana suka sa wa harufa daga A zuwa H, murɗe-murɗen su jingina da juna su bar wani ɗan aljihu.

A cikin aljihun nan ake ajiye abin da ake ta hidimar dominshi: wani faifai da ake kira him, mai atom ɗin ƙarfe ɗaya, wato ƙwayar zarra ta ƙarfe, a tsakiya. Shi ke ba jini jan launinshi. Ƙwaya ta 92 ta zaren beta, histidin, tana riƙe da ƙarfen ta gefe guda, oksijin kuma ya zauna ta ɗaya gefen. Zare huɗu, faifai huɗu, oksijin huɗu.

Abin da ya fi burge ni tun ina jami'a shi ne dunƙulen nan ba a sandare yake ba. In oksijin ya zauna kan ƙarfen, ƙarfen yakan ɗan matsa zuwa tsakiyar faifan, matsin da bai kai faɗin atom ɗaya ba. Wannan ɗan matsin sai ya jawo histidin, histidin ta jawo murɗin F, murɗin ya taɓa zaren da ke maƙwabtaka da shi, har rabin dunƙulen ya juya kamar digiri 15 a kan ɗaya rabin. Da na farko ya ɗauki kaya, sauran ukun sai ɗauka ta yi masu sauƙi, kamar aikin gayya. Haka ma wajen saukewa. Ke nan himogulobin siffa biyu gare shi, ta lokacin da yake ɗauke da kaya da ta lokacin da ya sauke. Duk numfashin da ka ja, sai ya sauya daga wannan zuwa waccan.

Auta ta tambaye ni wa ya ɗauki hoton, da wace irin kyamara. Babu kyamarar da ta ɗauke shi. Wani mutumin Ostiriya ne, Max Perutz, ya tafi Kambirij ta Ingila ya fara aikin a 1937. Da jinin doki ya fara, abin da ya ba Auta mamaki, don ita doki sai hawan sallah. Yakan sa himogulobin ya daskare ya zama ƙanƙara mai ƙyalli irin ta alif, ya haska mata hasken eksire, hasken ya tarwatse ya bar ɗigo-ɗigo a kan fim. Daga ɗigon nan ake son a lissafo inda kowane atom yake, a abin da ke da atom kusan dubu goma. Ana cikin haka yaƙin duniya ya zo, a 1940 Ingila ta tsare shi a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba, har aka kai shi Kanada. Ya dawo ya ci gaba. Sai a 1953 ya gano cewa in ya liƙa wa furotin ɗin zaiba, ɗigon kan sauya ta yadda lissafin zai warwaru. Siffar ta fito a 1959, shekara 22 da farawa. A 1962 aka ba shi kyautar Nobel tare da abokin aikinshi John Kendrew. Siffar 4HHB da Auta ke juyawa, ta jinin ɗan Adam ce, daga ɗakin bincikenshi ta fito a 1984. Nakan tuna da shekaru 22 ɗin nan duk lokacin da na ga abin ya buɗe a wayata cikin daƙiƙa biyar.

Ta ce, "To ina nawa?"

Na ce ta ƙirga carbin daga farko. Zaren beta yana farawa da balin, sai histidin, liyusin, tiriyonin, furolin. Ta shida gulutamik asid ce, mai son ruwa, shi ya sa take zaune a bangon waje hankali kwance. A jinin Auta, balin ce ta zauna gurbin. Shi ke nan. Sauran 145 duk daidai suke da na kowa, zaren alfa kuma babu abin da ya taɓa shi. A rubutun gado ma harafi ɗaya ne ya sauya a kuromosom na 11, ɗaya daga cikin kundayen da rubutun ke ciki, inda ya kamata a karanta GAG sai aka karanta GTG. Vernon Ingram ne ya fara gano wannan bambanci a 1956, a wurin da Perutz ke aiki, shekara bakwai bayan Linus Pauling ya nuna cewa matsalar sikila a jikin himogulobin take.

Balin ba guba ba ce. Ita ce ma ƙwayar farko, kuma akwai fiye da goma irinta a wasu wurare cikin zaren, suna zaune lafiya. Matsalar ita ce mai maiƙo ce, ga ta an tsayar da ita a waje tsakiyar ruwa, dole ta nemi inda za ta ɓoye kanta. A nan na rubuta mata lamba ta biyu, 2HBS, siffar himogulobin na sikila bayan ya sauke kaya. Dunƙule biyu ne manne da juna. Muka yi ta jan hoton har muka kai inda suka haɗu. A jikin dunƙulen maƙwabci, tsakanin murɗin E da F, akwai wani ɗan gurbi mai maiƙo, kamar gurbin dara, wanda ƙwaya ta 85 da ta 88 suka yi wa baki. Kowa na da gurbin nan, har mai AA, sai dai shi babu abin da zai faɗa ciki. A jinin sikila kuwa balin ta shida na faɗawa ciki daram. Shi ma maƙwabcin yana da tashi balin ɗin, sai ta kama na gaba, na gaba ya kama na gaba, kamar ƙarangiya a bakin zane. Layuka 14 kan murɗe su zama igiya ɗaya mai tauri, igiyoyin su cika ƙwayar jinin su miƙe ta ta ƙarfi. Ƙwayar da aka halitta da laushi don ta matse ta wuce jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta, sai ta koma lauje.

Auta ta daɗe tana kallon wurin. Ta ce, "Ɗan wannan?" Na ce ɗan wannan.

Haɗuwar nan ba ta yiwuwa sai dunƙulen na cikin siffar sauke kaya. Da ya koma huhu ya ɗauki oksijin ya juya digirin nan 15, sai igiyar ta warware. Kuma igiyar ba ta ƙulluwa nan take, akwai ɗan jinkiri kafin ta fara. Saboda haka tsere ake yi a jikin Auta dare da rana: ƙwayar jini ta sauke kaya, ta fice daga ƙananan jijiyoyi ta kama hanyar huhu kafin igiya ta ƙullu. Mafi yawan lokuta takan tsira, shi ya sa mai sikila ke yin makonni yana harkokinshi. A 1974 William Eaton da abokan aikinshi a Amurka suka nuna cewa tsawon jinkirin ya dogara ƙwarai da yadda himogulobin ya cushe cikin ƙwayar. In ƙwayar ta ɗan rasa ruwa kaɗan, cunkoso ya ƙaru, jinkirin na raguwa ninki-ba-ninki.

Da na fahimci wannan sai duk dokokin gidanmu suka daina zama dokoki kawai. Gorar ruwan da Inna ke cusa mata a jakar makaranta. Rigimar da muke yi da ita duk azumi, tana kuka ita ma sai ta yi, likita ya hana, Baba na karanta mata rangwamen da Allah Ya yi wa marar lafiya. Zazzaɓi, wanda ke ƙone ruwan jiki ya ƙara wa jiki buƙatar oksijin. Sai sanyi. Kakarmu, Allah Ya jiƙanta, takan ce ciwon yarinyar nan sanyi ne, ni kuma da ɗanyen karatuna nakan yi mata gardama. Ba sanyi ne ya haifar da shi ba, amma ta lura da abin da yake gaskiya. Sanyi na tsuke jijiyoyi, jini ya rage gudu, ƙwayar ta daɗe a hanya, igiya ta riga ta. Kusan duk kwanciyarmu asibiti ko cikin hunturu ne ko bayan ruwan sama ya dake ta.

A nan ina roƙon masu shigar da kaskon gawayi ɗaki su rufe ƙofa don ɗumama yaro, su daina. Hayaƙin gawayi da na janareta na ɗauke da iskar da ke zama daidai kujerar oksijin a kan ƙarfen nan, kuma riƙonta ya fi na oksijin sau fiye da 200. Ba ta da wari. A ƙara bargo da safa, a ɗumama ruwan wanka, a bar kasko waje.

Ƙwayar da ta yi ta lanƙwashewa tana miƙewa, bangonta kan gaji ya lalace. Jar ƙwayar jini ta mai lafiya na yin kwana 120, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20. Daga nan ƙarancin jini yake, daga nan kuma ruwan ɗorawar da ke cikin idon Auta, wanda mutanen unguwa ke ce wa shawara suna kawo mata saiwoyi.

Ni AS ne. A jinina himogulobin mai balin bai kai rabi ba, sauran na tsinka layin, igiya ba ta samun ƙulluwa sai a matsanancin hali. Kuma mu masu AS muna da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka a 1954. Wannan ne ya sa ƙwayar gadon sikila ta yawaita a ƙasashen sauro irin namu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya na ɗauke da ita, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da sikila kowace shekara a ƙasar nan. Gwajin da ake yi kafin aure ma ƙwaya ta shida yake dubawa. Gulutamik asid na da cajin lantarki, balin ba ta da shi, don haka in aka ɗiga jini a takardar gwaji aka sa wuta, S, wato himogulobin mai balin, kan yi tafiyar hawainiya a bar shi baya. Wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan ya jira wata uku kafin ya yi gwajin, don jinin da aka ƙara mashi zai fito a sakamakon. Kuma in AS ya auri AS, kowane ciki da nashi rabon, ɗaya cikin huɗu. Ba a cewa an haifi mai sikila ɗaya don haka ukun da ke tafe sun tsira. Mu bakwai Inna ta haifa, uku SS. Biyu sun rasu kafin su shiga firamare.

Akwai abin da Inna ta sha faɗi, cewa duk su ukun lafiya lau aka haife su, sai sun kusa fara zama sannan hannu da ƙafa su kumbura. Wata likitar yara a Amurka, Janet Watson, ta lura da haka tun 1948. Jariri na zuwa duniya da wani himogulobin daban, na zaman ciki, wanda ke da zaren gama a madadin beta. Ba shi da balin a gurbi na shida, kuma ƙwayarshi ta 87, wadda ke dab da gurbin nan mai maiƙo, ta bambanta, saboda haka ba ya shiga igiya, yana ma hana ta ƙulluwa. Cikin watannin farko jiki ke rage yin shi. Maganin haidroksiyuriya da likita ya ɗora Auta a kai bayan wannan kwanciyar, babban aikinshi shi ne ya sa jiki ya koma yin na jarirai. Yana buƙatar gwajin jini a kai a kai, ba maganin da mutum zai saya a kemis da ra'ayin kanshi ba ne. A wajenta dai mun ga sauƙi, hunturun da ya biyo baya sau ɗaya muka kwana asibiti.

A ƙarshen 2023 Amurka ta amince da magunguna biyu na gyaran ƙwayoyin gado. Casgevy na sake kunna himogulobin na jarirai. Lyfgenia kuwa na ba jiki sabon zaren beta da aka sauya wa ƙwaya ta 87 ta zama irin ta jarirai. A lokacin, kuɗin na farko dala miliyan 2.2, na biyu miliyan 3.1. Abin na ci mani rai, ba zan ɓoye ba. Ƙasar da ta fi kowace yawan masu ciwon ita ce har yanzu iyaye ke rage ƙwayar haidroksiyuriya don ta kai ƙarshen wata.

Bayan an sallame mu, Auta ta aike ni kasuwa in sayo mata duwatsun ado. Ta zauna tsakar gida ta shirya 146 a zaren kamun kifi, duk farare, ta shida kaɗai ja. Wai za ta kai makaranta ta nuna wa malamar kimiyya.

Da daddare na tarar da Inna zaune bakin gado da shi a hannu. Shekara da shekaru wasu daga dangin Baba na cewa daga wajenta ciwon ya fito. Wasu suka ce wankan jego ne ba ta yi da kyau ba, sanyi ya bi nono. Har shawarar ƙarin aure an kawo wa Baba a gabanta, bayan rasuwar na biyu. Ban taɓa jin ta tanka ba. Ta ja ƙwayoyin da babban yatsa yadda take jan carbinta, ɗaya, biyu, uku, har ta kai jar ta tsaya.

"Wannan ɗin, daga wajena take?"

Na durƙusa gabanta na ce, "Inna, biyu ne. Ɗaya daga wajenki, ɗaya daga wajen Baba. Da taki ce kaɗai, da kamar ni za ta zama. Kuma ke ma gadonta kika yi, shi ma haka. Babu ruwan wanka, babu ruwan nono."

Ta yi shiru tana murza jar ƙwayar. Can ta ce, "Malam ya san haka?"

Na ce likita ya taɓa gaya mashi, amma ban tabbatar an zaunar da shi an nuna mashi kamar haka ba.

Ta miƙo mani zaren. "In ya dawo masallaci ka kai mashi. Ka ƙirga mashi tun daga farko, yadda ka yi wa Auta." Ta tashi ta ɗauki gorar Auta ta nufi randa.